Hanyar da Na Cinye

Na sayar da tsohon babur ɗina ranar Litinin, saboda mai shagon babura a Gaya ya rantse mini cewa sababbi za su iso ranar Alhamis. Na ce a raina kwana uku ne kawai, ko da ƙafa ma na yi su. Ashe Alhamis ɗin mutumin nan ba ta cikin kwanakin da sauran jama'a suka sani. A satin ruwan shuka ya sauka, babur kuwa bai shigo hannuna ba sai da aka gama ɗaurin gero.

Shekara shida na yi ina acaba da tsohon tsakanin Toranke da Gaya, kuma bai yi mini laifin komai ba illa tsufa. Ya fara shan baƙin mai kamar shayi, da safe kuma sai na tura shi kafin ya yarda ya tashi. Wani mai sayar da kaji ya taya, na sallama, na haɗa da ɗan abin da na tara na kai wa mai shago. Ya rubuta mini takarda, ya buga hatimi, ya ce in fara neman wanda zai haɗa mini, domin a kwali suke zuwa.

Mu huɗu muka faɗa wannan rami, duk daga tasha ɗaya. Kullum da safe sai mu hallara a gindin darbejiyar da 'yan acaba ke jiran fasinja, mu zauna a benci muna kallon abokan sana'armu suna ɗauka suna saukewa. Ba a yi sati biyu ba aka raɗa mana suna 'yan benci. Idan fasinja ya nufo mu, sai wani shaƙiyyi ya ɗaga murya ya ce, “Malam, waɗannan nasu yana cikin teku, sai dai in za ka jira.” Mu yi dariya, amma ta ciki na ciki.

Duk ranar Alhamis mukan yi ayari mu tafi shagon. Mai shi mutum ne mai sanyin murya, ba ya taɓa ɗaga ta, kuma wannan sanyin ne ya fi ƙona mini rai. Da zai yi faɗa da na samu inda zan sauke abin da ke cikina. Sai ya sa a shimfiɗa mana tabarma, ya aika a sayo ruwan leda mai sanyi, sannan ya fara. Yau jirgi ne bai iso ba. Wani satin jirgi ya iso amma ba a sauke kaya ba. Na gaba an sauke, tirela ce ta lalace a hanya. Akwai ranar da ya nuna mana hoton kwalaye a wayarsa, muka yi ta miƙa wa juna muna dubawa kamar an yi mana haihuwa.

“Alhaji,” na ce masa wata rana, “don girman Allah ka gaya mana gaskiya. In babu ne, ka ce babu.”

“Haba ɗan'uwa, ya za a yi in ce babu alhali akwai? Alhamis mai zuwa, in Allah ya yarda, da kanka za ka yage kwalin.”

“Haka ka ce wancan satin.”

“To ai ban canza magana ba,” in ji shi.

A cikin shagon, can gefe, akwai adaidaita sahu guda biyu da kurkura ɗaya, wato mai ƙafa ukun nan ta ɗaukar kaya. Da ya ga mun fara kumbura sai ya nuna mana su. Ya ce duk wanda ya gaji da jira ya yi ciko ya ɗauki ɗaya, a yau ɗin nan ya tafi da abarsa. Tun daga ranar hirar benci ta koma kan ƙafa uku. Wani ya ce adaidaita tana da rumfa, ruwa ba ya dukanka, mata kuma sun fi son ta, ga shi mutum uku ko huɗu kake ɗauka a tafiya guda. Wani ya ce ai sai a kwalta take da baki, ka sauka da ita cikin yashin Ajingi ka ga yadda za ta zauna ta bar ka da turi. Aka ce kurkura ba ta rasa aiki, daga taki sai buhuna sai raguna ranar kasuwa. Aka ce wannan ai jaki ne aka sa wa inji. Mun yi wannan musu har waɗanda ke da babura suka gaji da jin mu.

Na farko da ya karaya wani dogo ne mai 'ya'ya da yawa, ya ɗauki kurkura. Bayansa sai abokina ɗan garin Balan, wanda tare muka koyi tuƙi, ya ɗauki adaidaita. Ranar da ya zo da ita tasha na yi masa tsiya har na gaji. Na ce ya sayi akurkin kaji, na ce saura ya sa labule. Bai ji haushi ba. Ya ce, “Kai dai zauna. Ni na gaji da cin tuwon da ban nemo ba.” Maganar ta soke ni, amma na yi kamar ban ji ba.

Ni ina da dalilina na ƙin ƙafa uku, kuma dalilin ba na raini ba ne. Mahaifiyata, wadda muke kira Iya, tana zaune a gidanmu na gado, wani ɗan ƙauye a bayan Toranke, tare da matar yayana. Tana da ciwon suga, kuma a shekarar wani miki ya fito mata a ɗan yatsan ƙafar dama ya ƙi warkewa. An ce a riƙa kai ta asibiti a Gaya duk bayan sati biyu, a duba, a wanke, a ba ta magani. Yayyena duk suna nesa wurin neman abinci, ni ne auta, ni ne kuma mai babur. Iya kuwa tun da take ba ta taɓa hawa bayan wani namiji ba in ba ɗan da ta haifa ba. Ba wai wani ya hana ta ba ne, ita ce ta ce ba za ta riƙe rigar ƙaton da ba ta sani ba, kuma in Iya ta ce a'a, to magana ta ƙare.

Hanyar ƙauyen namu burtali ce mai faɗi har kusa da gida, amma daga ƙarshe sai ta matse, ta ratsa tsakanin gonarmu da ta maƙwabcinmu. Da rani ba wanda ya damu, ko amalanke ta cikin gonaki take bi. Da damina kuwa, in gero ya tashi, faɗin hanyar bai wuce na tayar babur da gwiwoyin mai tuƙi ba, ganye na marin ka dama da hagu. Shi ya sa duk wanda ya ce mini in ɗauki adaidaita sai in ce, “Ba ta shiga gidanmu.” Gaskiya na faɗa. Abin da ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba shi ne me ya sa ba ta shiga.

Zuwa biyu na farko na yi su da baburan aro. Sai dai ranar ganin likita ta faɗo daidai da ranar kasuwa, ranar da ɗan acaba ke samun abincin sati. Layin asibiti kuma yini guda yake ci. Wanda ya ba ni na farko ya ba ni da fara'a. Na biyu ya miƙo mini makulli yana kallon gefe. A karo na uku na zagaya tasha kaf, kowa da uzurinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Na je na gaya wa Iya.

“Bar shi, Auta,” ta ce. “Ba ka ce sabon yana zuwa Alhamis ba? Ai ka yi mini alkawari ni zan fara hawa. Kada ka je kana zubar da mutuncinka a tasha saboda ɗan wannan ƙurji.”

Na ji daɗin maganar, kuma wannan jin daɗin ne nake jin haushinsa har yau. A wurinmu sabon babur ba ya fara ɗaukar fasinja sai an kai shi gida da ledarsa, uwa ta tofa masa addu'a, a ɗan zaga da ita ko da zuwa bakin rijiya ne. Na riga na gama ganin ranar a idona: Iya a baya da sabon mayafi, ni a gaba, mu shiga Gaya leda tana ƙara. Don haka da ta ce a jira, na yarda da sauri. Muka tsallake zuwa ɗaya. Alhamis ta zo ta wuce. Muka tsallake na biyu, sannan na uku. Duk lokacin da na leƙa gida sai in tarar ta rufe ƙafar da gefen zane, in na tambaya ta ce da sauƙi, ni kuma ban taɓa cewa ta buɗe in gani ba.

Wata safiya ina benci matar yayana ta kira ni a waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, “Ka zo ka ga ƙafar Iya da idonka. Ni dai na gaji da ɓoyewa, ɗakin ma ba ya shiguwa.” Wani ya rage mini hanya zuwa burtali, na ƙarasa da gudu. Tun daga ƙofar ɗakin na ji abin da take nufi. Na yaye zanen da kaina, Iya tana buge mini hannu. Yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi sahu, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Na yi faɗa, na yi wa matar yayana, na yi wa Iya, na zagi mai shago da duk wanda ya taɓa ƙera babur. Iya ta bari sai da na yi shiru, sannan ta ce, “Ka gama?”

Ko da a ce an ba ni babur a lokacin, ba ta iya zama a kai. Na ce zan goya ta zuwa burtali. Ta ce in dai tana numfashi ba wanda zai ratsa da ita ƙauye a baya kamar buhun taki. Sai na kira abokina ɗan Balan, mai akurkin kajin da na yi wa tsiya. Ban gama bayani ba ya ce ga shi nan. Ya sauke fasinjojinsa a hanya ya taho, ya bi burtali lafiya lau, ya zo bakin gonarmu ya tsaya. Muka karyo kara muka auna faɗin adaidaitar, muka ɗora a hanya. Ko rabin karan hanyar ba ta kai ba.

Maƙwabcin namu yana cikin gonarsa yana cire ciyawa. Dattijo ne Bafulatani, sa'an mahaifina, muna kiransa Baffa. Mu kuma asalinmu Barebari ne, don haka tsakaninmu da shi kullum tsokana ce, bai taɓa ganina bai ce mini bawansa ba. Ranar ban zo da wasa ba. Na ce masa, “Baffa, Iya ba lafiya, mota za ta shiga. Sai ka ba mu kunya biyu ta gefenka, ni ma in ba da ɗaya. Ai kowa ya san yadda aka yi hanyar nan ta tsuke.”

Ya miƙe a hankali ya dafa ƙugu. “Kowa ya sani?”

“Kowa ya sani mana. Duk shekara ana turo huɗa cikin hanya.”

“Ana turowa kam,” ya ce. “Zo, Babarbare. Zo in nuna maka wani abu.”

Na bi shi raina a ɓace, ina ganin yana ɓata mini lokaci. Ya fara kai ni gefensa, ya nuna mini kututturen gambar iyaka a jere, daidai bakin kunyarsa ta ƙarshe, ko taki ɗaya shukarsa ba ta wuce su ba. Sannan ya tsallaka hanya ya kutsa cikin geronmu, yana ture karare da hannu. Kunya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A bayan ta ukun ya durƙusa ya share ƙasa, sai ga tsohon tushen gamba, garma ta sha yanka shi amma bai mutu ba. Ya matsa gaba ya nuna mini wani, da wani.

“Ni da mahaifinka muka dasa su,” ya ce. “Muka bar faɗin da amalanke za ta wuce da kaya, domin ya ce wata rana za a fitar da mara lafiya ko gawa. Ni ban ci hanya ba, ɗana. Tun da gonar nan ta dawo hannunka nake kallon ka.”

Nan take na tuna. Shekarar farko mai garmar shanu ya zo ƙarshen gona ya tambaye ni ko ya tsaya, na ce ƙara ɗaya, ai babur kawai ke bi. Bayan shekara biyu na sake cewa ƙara ɗaya. Ta ukun ma ban san lokacin da ta shiga ba. Ina ganin kowa haka yake yi, kuma duk lokacin da ganye ya mare ni a hanyar, Baffa nake zagi a zuciyata.

Geron ya fid da kai ya yi bununi, amma bai ƙosa ba. Saura kamar sati uku a fara cin tumu. In ka yanke shi a wannan lokaci ba ka da komai sai abincin dabba. Kuma gefen hanyar nan ya fi ko'ina kyau a gonar, saboda kashin shanun da ke wucewa. Baffa ya miƙo mini laujensa. Ya ce shi hannunsa ba zai taɓa hatsin da bai nuna ba, amma zai taya ni baje ƙasa. Na fara yanka daga bakin burtali. Kunya uku, tsawon gona guda. Abokina yana kwashe karare yana jefawa gefe, Baffa yana binmu da fartanya yana rushe kunyoyin. Rana ta take, bununi ya cika mini ido da wuya, ƙaiƙayi kamar in cire fatata. Ina yanka ina huci, kuma a karon farko cikin wata uku na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Mun kai azahar kafin adaidaita ta tsaya a ƙofar gidanmu.

Muka tallafo Iya ta zauna a baya, matar yayana a gefenta, ƙafar a kan matashi. Da muka shigo sabuwar hanyar ta ga gero kwance kore shar, sai ta dafa kafaɗar abokina ta ce ya tsaya.

“Wa ya yi wannan ɓarna?”

“Ni ne, Iya.”

“Abinci fa, Auta. Abinci ka zubar saboda ƙafa?”

“Ba a gonarmu yake ba,” na ce. “A hanya na shuka shi.”

Ta dube ni, ta dubi Baffa da ke tsaye da fartanya a kafaɗa, sannan muka wuce Gaya.

Likita ya buɗe ƙafar ya daɗe yana kallo. Ya duba katinta, ya ɗago ya tambaye ni ina muka shiga tun zuwanmu na ƙarshe. Na buɗe baki zan ce babur muke jira, sai na ji yadda maganar za ta fito, na rufe bakina. Aka ba ta gado. Bayan kwana biyu aka cire yatsu biyu da wani sashe na tafin ƙafar. Wata malamar asibiti ta ce mini mu gode wa Allah, da mun ƙara sati ɗaya da ba a nan za a tsaya ba. Na gode wa Allah, amma na kuma san da mun zo wata guda kafin nan da wanki kawai za a yi.

Babur ya iso ranar wata Asabar, bayan an sallamo Iya, an kuma kai gero rumbu. Mai shago ya kira ni da muryarsa mai sanyi yana cewa, “Ban gaya maka ba?” Na je na yage kwalin da kaina kamar yadda ya yi alkawari. Aka haɗa shi, ja, yana ƙyalli, ko'ina leda. Ban ɗauki kowa ba, na wuce ƙauye kai tsaye, na bi ta hanyar da yanzu ko mota za ta iya bi.

Iya ta fito da sanda. Ta zagaya shi sau ɗaya tana ɗingishi, ta shafa tankin, ta yi addu'a mai tsawo ta tofa. Na hau na kwantar mata da shi gefe yadda na saba, na ce bismillah. Ta ba matar yayana sandar, ta kama kafaɗata, ta ɗora ƙafar a kan matakin. Ƙafar ta zame, domin babu abin da zai riƙe ƙarfen. Ta sake gwadawa, na ji yatsun hannunta suna shiga naman kafaɗata. A karo na uku ta sake ni, ta karɓi sandarta.

“Ya yi kyau, Allah ya sanya alheri,” ta ce. “Ranar asibiti ka kira mini yaron nan na Balan.”

Haka muke yi har yanzu. Duk bayan sati biyu adaidaita tana shigowa har ƙofar gida, ta bi tsakanin gambar Baffa da sabuwar da na dasa a layin mahaifina. Iya tana ciki a ƙarƙashin rumfa, ni ina biye da su a kan babur ɗin da na jira wata huɗu, ba kowa a bayana.